Daga Tambari zuwa Tulu: Tarihin Waƙar Ibada a Lafiyar Bare-bari

Lafiyar Bare-bari gari ne da hanya ta haifa. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 Muhammadu Dunama da jama'arsa, mutanen da asalinsu ke komawa Barno, suka yada zango a Anane, wani ƙaramin mazauni, suka kafa sarautar da ta wanzu har yau. Ba kufai suka tarar ba. Alago na zaune a Doma da Keana, Eggon na kan duwatsunsu ta arewa, Gwandara na warwatse a ƙauyuka, Tibi kuma na tasowa daga wajen kogin Binuwai. Fatake na ratsawa da jakuna suna neman gishirin Keana da Awe. Kowane ayari da ya sauka ya zo da harshensa da abin bautarsa, kuma babu abin bautar da ya iso shiru. Wanda ya bi tarihin addini a wannan yanki da kunnensa zai ji abu guda yana ta dawowa: addinin da ya zo daga waje yakan fara da ƙyamar ganga, sa'an nan bayan tsara ɗaya ko biyu ya shiga neman sautin da zai kai saƙonsa cikin ƙirjin mutane. Musulunci ya bi wannan hanya, Kiristanci ma ya bi ta, kowanne da dalilansa da iyakar da ya ja wa kansa.

Ƙyamar tana da tushe. A addinin gargajiya na ƙabilun yankin, kiɗa shi ne ƙofar ibada. Dodo ba ya fitowa sai an kira shi da takensa. Akwai gangunan da ba a taɓa su sai ranarsu, akwai waƙoƙin da wanda bai shiga tsafi ba bai isa ya rera ba, akwai kiɗan da in aka ji shi da tsakar dare kowa ya san wani babba ya kwanta dama. Bikin Odu na Doma, wanda ake yi har yanzu, yana cikin abin da ya saura daga wancan zamani.

A zangon Hausawa kuma akwai bori, kuma a nan ne aka fi ganin abin da sauti ke iya yi wa ɗan Adam ido da ido. Mai goge ko mai garaya yakan zauna, mata na kaɗa ƙwarya a bayansa. Kowane iska yana da takensa da kirarinsa: Sarkin Rafi daban, Inna daban, Ɗangaladima daban, Malam Alhaji daban. Makaɗi zai bi su ɗaya bayan ɗaya har ya zo kan na wanda ke kan 'yar borin da ke zaune. Sai idonta ya juye, muryarta ta sauya, ta yi tsalle ta faɗi da zaune a ƙasa ba tare da ta nuna ciwo ba, ta yi magana da bakin da ba nata ba, har sai ta yi atishawa an ce ya sauka. Wani Baturen mulki, Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a lokacin tana cikin Lardin Nasarawa, ya buga littafi kan bori a 1914, bayan ya bi sawunsa har wurin Hausawan Tunis da Tarabulus. Malamin da ya girma yana ganin wannan ba ya bukatar wani ya gaya masa cewa kiɗa na iya raba mutum da hankalinsa. Tambayar da ta dame shi ita ce: in zuciya ta buɗe haka, wa zai shiga?

Wannan tambaya ce ta shagaltar da shugabannin jihadin da aka fara a 1804. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe cikin ɗabi'un sarakunan da ya yi wa wa'azi. Ya bar ƙofa ga gangar yaƙi, da ta kiran taro, da ɗan abin da ake bugawa don bayyana aure. Daga baya, a littattafai irin su Misbahu Ahliz Zamani da Najmul Ikhwani, ya sassauta, ya nuna cewa malamai sun yi saɓani a kan lamarin, don haka bai kamata a tsananta wa jama'a ba. Ƙanensa Abdullahin Gwandu ya fi shi tsauri, ya kuma rubuta nasa ra'ayin. Gardamar ba a Sakkwato ta fara ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddini kan sauraron waƙa, inda ya karkata ga cewa sauti yana motsa abin da ya riga ya tarar a zuciya ne, mai kyau ko mummuna. Lafiya ta shiga wannan duniya ta hanyar Bauci, domin bayan artabu da dakarun Sarki Yakubu ta koma tana bin tutarsa.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin masu jihadi shi ne, mutanen da suka taka wa ganga birki su ne suka cika ƙasa da waƙa. Shehu ya rubuta waƙoƙin wa'azi da na bege da Fulatanci da Larabci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ɗansa Isa sun mayar da wasu cikin Hausa, sun kuma tsara nasu. Asma'u ta naɗa shugabannin da ake kira jaji, dattawan mata masu malfa, suna zuwa wurinta su haddace waƙa su koma ƙauyuka su koya wa mata ɗalibansu, 'yan taru. Ta san matar da ke daka ba za ta buɗe littafi ba, amma baitin da ya shiga kanta zai bi ta har rijiya. Harshen ma ya taimaka. Hausa tana rarrabe gaɓa mai nauyi da mai sauƙi kamar yadda Larabci ke yi, saboda haka ma'aunan arulin Larabawa suka zauna mata daram. Ana iya ɗaukar karin ƙasidar Larabci a zuba kalmomin Hausa a ciki ba tare da an karya wuyan ko ɗaya ba. Kiɗan da aka hana wa hannu sai ya koma cikin baitin kansa.

Babu ƙasidar da ta fi Ishiriniya shiga jinin Musulmin ƙasar nan. Alfazazi ne ya tsara ta, wani mutumin Andalus da ya rasu a 1230, yana yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ana karanta ta tare da tahamisin Ibnu Mahibu. Ita da Burdar Busiri su ne abincin daren Mauludi. Mafi yawan masu amsa ta ba su san fassarar kowane baiti ba, amma sun san inda murya ke hawa da inda take karyewa, kuma a nan hawaye ke zuwa. Irin wannan kaya ba a cikin mangala yake tafiya ba. A bakin malamin da ke bin ayari yake, da gardin da ya tafi ci-rani, da makahon da ke bara ƙofa-ƙofa. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manya a kwarin Binuwai, aka buɗe hanya zuwa Loko a bakin kogi, baƙi daga Kano da Zariya da Bauci suka yawaita. Fada ba ta ajiye tambari da algaita ba, domin su ne muryar sarauta, su ke raka sarki filin Idi su dawo da shi. Amma a bakin sahu suke tsayawa. Daga nan sai kabbara, kuma wannan rabon aiki bai sauya ba har yau.

A 1903 Turawan Ingila suka amince da Musa a matsayin Sarkin Lafiya. Shekara guda bayan haka mishan ɗin SUM, wanda Karl Kumm ya jagoranta, ya sauka a Wase. Reshensa na Afirka ta Kudu ne ya karɓi wannan yanki, ya buɗe tasha a Keana a 1916, inda A. S. Judd ya zauna har ya yi rubutu kan harshen Alago. Daga baya aka buɗe Randa, da Wana a ƙasar Eggon, da Alushi kusa da Akwanga. Waɗannan Turawa sun ga dodanni da idonsu, sun ga yadda ganga da burkutu da tsafi ke tafiya tare, suka yanke hukunci irin na malaman da suka gabace su, har ma da ƙari. Mai neman baftisma sai ya bar rawa, ya bar kiɗan gida. A majami'a ana tsayawa ƙiƙam, hannu riƙe da littafi, ana bin muryar mai bishara, ko ƙaramin molon Turawa mai zuga-zugi inda aka same shi.

Da wane harshe za a yi waƙar? Yankin na da harsuna da yawa, ma'aikata kaɗan ne, Hausa kuwa ana jin ta a kowace kasuwa. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, maganar ta ƙare. Eggon da Mada da Alago da Migili suka koyi karatu da Hausa, suka yi addu'a da ita, suka rera daga Littafin Waƙoƙi, wanda mafi yawansa fassarar waƙoƙin Ingila da Amurka ne. A nan an sami akasin abin da ya faru da aruli. Karin Turawa yana ƙirga gaɓoɓi ne yana bin inda ake danna murya, bai damu da tsawon wasali ko hawa da saukar sautin Hausa ba. Sai ka ji an ja gaɓar da ya kamata a taƙaita, an ɗaga wadda ya kamata ta sauka. Duk da haka kuskure ne a raina littafin nan. Tsofaffin da suka girma da shi sun haddace lambobin waƙoƙinsa, da shi aka ɗaura musu aure, da shi suka binne iyayensu. Waƙar da mutum ya ji a bakin kabarin uwarsa ta zama tasa, ko daga ina karinta ya fito. Tsoron Turawan mishan ma tsoho ne a addininsu: Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya faɗi yadda waƙoƙin majami'ar Milan suka sa shi kuka, ya kuma faɗi fargabarsa kada daɗin murya ya rinjayi ma'anar kalmomi.

Jirgin ƙasa ya ƙara cakuɗa garin. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Lafiya zuwa Kafanchan a shekarun 1920, gadar Makurɗi kuma ta buɗe a 1932. Ma'aikata da 'yan kasuwa Ibo da Yarabawa suka sauka a Sabon Pegi da kewayen tasha. Katolika suka zo da sujadar Latin, wadda fada ke rerawa jama'a na amsa abin da suka haddace. Majami'un masu fararen riguna, irin su Kerubu da Serafu da aka kafa a ƙasar Yarabawa a 1925, suka biyo layin dogo da tafi da ƙararrawa da ganga, abin da ya nuna wa Kiristan yankin cewa ana iya kiran sunan Yesu jiki na motsi.

Amma waɗanda suka buɗe ƙofar da gaske mata ne, kuma tarihin da aka rubuta bai ba su haƙƙinsu ba. Zumuntar Mata ta fara ne a matsayin taron mako-mako na matan ekklesiya, don karatun Littafi, da addu'a, da ziyarar mai jego da marar lafiya. Da yawansu ba su yi makaranta ba, littafin waƙa bai yi musu amfani sosai ba. Sai suka koma ga abin da suka iya tun suna 'yan mata: ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa. Suka ɗauki labarin Nuhu, da na Ayuba, da na budurwai goma, da zancen kishi da haƙurin zaman aure da tarbiyyar 'ya'ya, suka zuba su a karin niƙa da na gayya da na dandali. Kayan kiɗan kuwa daga ɗakin girki suka fito. Ganga tana da tarihi da dodo, amma wa zai ce tulun ruwa na tsafi ne? Dattawan ekklesiya da suka hana ganga ba su sami hujjar hana tulu ba.

Sai mutum ya zauna kusa da su kafin ya gane girman abin. A zaman makoki, bayan an ci tuwon dare, za su jeru a kan benci cikin ankon zanensu. Manyan tuluna biyu ko uku na gaba, kowanne a kan gammo, mai bugawa na riƙe da ɗan faffaɗan matashi tana rufe bakin tulun tana buɗewa, sautin na fita da kauri har ka ji shi a cikinka. Caki da kuge na riƙe da lokaci. Mai ba da waƙa, sau da yawa dattijuwa ce mai siririyar murya, za ta jefa layi guda, amshi ya taso daga bakin mata talatin ko arba'in. Matar mamacin tana tsakiya, an kewaye ta. Da farko ba ta buɗe baki. Can dare ya raba, sai ka ga leɓenta na motsi, daga nan kafaɗa, har wata ta kama hannunta ta miƙar da ita cikin da'ira. Babu wanda ya yi mata wa'azi a wannan dare. An riƙe ta ne da amshi har gari ya waye. Na yi imani cewa bisharar da ta zauna a gidajen Eggon da Mada da Alago ta bi ta wannan hanya fiye da ta mumbari, domin waƙar da uwa ta koyo ranar zumunta ita take yi tana goyo.

Sauran sauye-sauyen sun zo a jere. A 1955 aka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan a Randa, ragama ta fara komawa hannun 'yan ƙasa; ekklesiyar Lardin Dutsen Mada ita ce ta zama ERCC ta yau, mai hedikwata a Alushi. A watan Disamba na 1963 Majalisar Batikan ta Biyu ta amince a yi sujada da harsunan gida, a kuma girmama kiɗan al'ummomi, sai Hausa da Tibi da Ibo da ganguna suka shiga cocin Katolika, Zumuntar Mata Katolika ma ta ɗauki tulu. A farkon shekarun 1960 ɗin ne kuma aka ƙaddamar da Sabon Rai Don Kowa, ƙungiyoyinta na bin ƙauyuka da ƙafa, suna tara mutane da waƙa kafin wa'azi. Rediyon Muryar Bishara na ɗaukar waƙoƙin Hausa a Jos ana watsa su daga Addis Ababa, har zuwa 1977 da gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar.

A daidai wannan lokaci masallatai da zawiyoyi ma suna cikin nasu sauyin. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a aikin hajjin 1937, Shehun ya ziyarci Kano a shekarun 1940, daga nan Faila, reshensa na Tijjaniyya, ta bazu ta hannun malamai da 'yan kasuwa zuwa garuruwan kwarin Binuwai. Tijjaniyya ta dā ta fi zama ta keɓaɓɓun malamai masu wuridi a ɗaki. Faila ta fito da ita fili, ta jawo tela da direba da mahauci. Wazifa da zikirin Juma'a ba su da ganga, murya ce zalla, amma wanda ya zauna a da'irar ya san ba a rasa kiɗa ba. Bayan la'asar ranar Juma'a ake zama, gwiwa na gogar gwiwa. Hailala na farawa a hankali, kowa na jin muryar kansa. Sannu-sannu numfashi ya daidaita, kawuna su fara kaɗawa tare, muryoyi su narke su zama ɗaya, har ba ka iya raba taka da ta maƙwabcinka. Wani zakiri zai ɗaga baitin Diwanin Shehu Ibrahim a saman wannan gurnani, siriri, mai tsawo. A nan ne za ka ga ƙaton da ya yini yana dakon buhun doya yana share ido da hannun riga. Masu abin suna kiransa shauƙi. Ana kiran magariba, sai a yi tsit, a tashi a daidaita sahu.

Ƙadiriyya ta ƙara taku guda. Bandiri ya shigo Kano ta hannun Larabawan arewacin Afirka mazauna birnin, Shehu Nasiru Kabara kuma ya mayar da shi tambarin ɗariƙar, ya kare halaccinsa da alƙalami, ya fito da shi titi a Maukibin da aka fara a shekarun 1950. Ga fata da aka ɗaure a katako ta dawo cikin zikiri, a ɗariƙar da Shehu Usmanu kansa yake bi. A gefe guda kuma Imfirajin Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, na yawo a bakin almajirai da gidan rediyon Kaduna, yana sa mutane tunanin mutuwa da kwanciyar kabari da begen Madina ba tare da an buga ko tafi ba.

Martani ya zo daga kusa. A 1978 aka kafa Izala a Jos ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, da goyon bayan karantarwar Shehu Abubakar Gumi, kuma a lokacin Lafiya na cikin Jihar Filato, don haka wa'azin bai daɗe ba ya iso. Bandiri a masallaci bidi'a ne, in ji su; zikiri da ɗaga murya da rangaji ba shi da asali; wasu baitocin bege sun wuce gona da iri. An rabu a masallatai, an rabu a gidaje, ɗa ya daina bin ubansa salla. Ciwon ya yi zurfi, kuma bai kamata a rage masa nauyi ba. Sai dai Izala ma ba ta zauna shiru ba. Ta ba da ƙarfi ga tajwidi, kaset ɗin Abdulbasit da Husari da Minshawi suka cika shaguna, mai jan baki a tafsirin azumi ya zama wanda ake tururuwa don muryarsa, yaran Islamiyya na rera waƙoƙin tauhidi ba kiɗa. Musulmi ba ya kiran tilawa ko kiran salla waƙa, kuma yana da gaskiya, domin hukuncinsu da ladabinsu daban ne. Amma kowane ɓangare ya yarda cewa kyakkyawar murya na tausasa zuciya, tun daga zaɓen Bilal a matsayin ladan. Inda aka saɓa shi ne abin da ya halatta a tausasa ta da shi.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Lafiya ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo daga Jos, unguwanni suka miƙe ta hanyar Shendam da ta Makurɗi da ta Doma. A shekarar 2000 Katolika ta sami dayosis ɗin Lafiya, Matthew Ishaya Audu ya zama bishop na farko. Majami'un Fentikos suka buɗe a shaguna da azuzuwan makaranta da fiyano da jita da gangunan Turawa da manyan lasifikoki. Matasan tsofaffin ekklesiyoyi, waɗanda suka tashi da kaset ɗin Panam Percy Paul na Jos, suka matsa wa dattawa lamba, dattawa kuma suka ga in ba su yarda ba 'ya'yansu za su tsallaka titi. Cikin 'yan shekaru ƙungiyar matasa masu kayan lantarki ta sami gurbinta a sujadar Lahadi, kusa da ƙungiyar mawaƙa da Zumuntar Mata.

Fiyanon nan bai tsaya a coci ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 wasu matasan sha'irai a Kano, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka fara ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora yabon Annabi a kai, suna cewa gara su karkatar da abin da matasa ke so zuwa ga alheri. Da situdiyo suka yawaita albarkacin finafinan Hausa, sai bege ya shiga kwamfuta. Muryoyi irin ta marigayi Umar Abdul'aziz Fadar Bege suka isa Lafiya a faifai, daga baya a katin waya, majalisin sha'irai ya zama abin da ake kira a bikin aure da suna, jerin gwanon Mauludi kuma ya koma motoci ɗauke da lasifika, yaran Islamiyya na biye cikin anko. Ba kowane malamin ɗariƙa ne ya ji daɗi ba. Da yawa sun yi gargaɗi cewa shauƙin da ba ilimi a bayansa na iya kai baki inda bai dace ba. A 2020 wata kotun shari'a a Kano ta yanke wa wani matashin mawaƙi hukuncin kisa kan waƙar da ya yaɗa ta WhatsApp, babbar kotu ta soke hukuncin a 2021 ta ce a sake shari'ar. Labarin ya girgiza sha'irai a ko'ina, ya kuma sa shehunai suka ƙara sa ido kan abin da almajiransu ke rerawa.

Abin da ke damuna a wannan zango na ƙarshe ya fi wannan sanyi, shi ya sa ba a cika maganarsa ba. Lasifika ta sauya matsayin jama'a. A da'irar zikiri da bencin zumunta kowa mai waƙa ne, ƙarfin abin daga haɗuwar numfashi yake fitowa. In mutum ɗaya ya riƙe makirfo, injin na ba da kiɗa, saura sukan koma 'yan kallo masu ɗaga waya. Ga kuma maƙwabtaka: a unguwar da coci da masallaci ke kallon juna, kwanan addu'a na wannan da majalisin wancan kan hana marar lafiya da jariri barci, kuma sautin da aka yi don tausasa zuciya ya zama abin da ke taurara ta. Har yanzu mata na ɗaukar tulunansu zuwa makoki, har yanzu ana zama da'ira bayan la'asar ɗin Juma'a. Amma tsofaffin da suka tsara waƙoƙin zumunta na farko da Eggon da Mada da Alago suna ƙarewa, haka ma tsofaffin matan da suka riƙe karin bege irin na cikin gida, kuma mafi yawan abin da ke kansu ba a rubuce yake ba. Lafiya na da jami'ar tarayya tun 2011, tana da gidan rediyon jiha da Precious FM. Na'urar ɗaukar murya tana aljihun kowane ɗalibi, kuma da yawa daga cikin ƙauyukan da waɗannan mata ke zaune ba su fi tafiyar awa guda daga cikin gari ba.